Likkafanin Muhuyi

Muhuyi ya rasu a bakin masallacin Zongo bayan sallar asuba, yana ƙoƙarin sa takalmi. Ya ce wa na kusa da shi kansa na juyawa, ya zauna a kan dakali, shi ke nan. Ni a lokacin ina gida ina faɗa da matata Dijatu a kan kunun da ta cika wa tsamiya, aka zo aka gaya mini.

Sunana Yaƙubu, tela ne ni, kuma a Zongon Kotonu duk wanda ya mutu ni ake kawo wa farin yadi in ɗinka likkafani. Ba sarauta ba ce, ba kuma biyana ake yi ba, shagona ne kawai ke jikin masallaci. Muhuyi kuwa dillalin shanu ne, mutumin Kamba, abokina tun kanmu yana baƙi. Mutum ne mai gardamar tsiya, in ka ce rana ta fito sai ya ce bari ya leƙa ya gani. Amma ban taɓa samun aboki kamarsa ba, kuma ba na jin zan samu.

Akwai alkawari tsakanina da shi. Shekarun baya da matarsa Saude ta rasu a nan Kotonu, shi da kansa ya hau zem, wato babur ɗin haya, ya tafi kasuwar Dantokpa ya dawo da bandir guda na alawayyo a kafaɗa. Na ce masa, "Muhuyi, mutum ɗaya za a rufe, ba unguwa ba." Ya shimfiɗa yadin a kan teburina ya ce in raba biyu. Na raba. Rabi na ɗinka wa Saude, rabi ya naɗe ya sa a hammata.

"Wannan nawa ne," in ji shi. "Ranar da na tafi kai za ka ɗinka. Kada ka bari a naɗe ni da wani."

Ɗansu ɗaya, Sharhabilu, a lokacin bai fi yaye ba. Aka kai shi Kamba wurin dangi, can ya girma. Muhuyi ya saki gidan da yake haya ya kama ɗaki guda a gidan Alhaji Kamaludeen, maigidan da fataken shanu ke sauka wurinsa. Bai sake aure ba. Yadin nan yana cikin wani koren akwatin ƙarfe a ɗakin, kuma duk shekara in damina ta wuce sai ya fito da shi ya shanya, don raɓar Kotonu ba ta barin komai, ko ƙarfe sai ta ci. Ina tsokanarsa ina ce masa ango ya fito da kayan lefe. Shi kuma ya ce in ci gaba da dariya, ni dai zan ɗinka.

Saboda haka da na je masallaci na ga gawarsa an lulluɓe da mayafi, na yi kukana na share hawaye, ban tsaya karɓar gaisuwa ba. Liman ya ce za a yi jana'iza bayan azahar. Na ce to, na ɗauki almakashina na nufi gidan Alhaji Kamaludeen in ɗauko yadin.

Na tarar da ƙofar ɗakin da kwaɗo biyu. Ɗaya tsoho na Muhuyi, ɗaya sabo fil, ko takardar kuɗinsa ba a ɓare ba.

Wannan al'adarmu ce a Zongo, kuma ni ma da bakina na sha yabonta. In baƙo ya mutu ba shi da magaji a kusa, maigida yakan kira shaidu ya kulle ɗakin tun gawa ba ta huce ba, kada a taɓa ko tsinke sai magaji ya zo daga gida. Da can ba a yin haka, sai aka yi ta samun rigima: 'yan'uwa su zo daga arewa su ce mamaci yana da kaza da kaza, ina suke? Shi kansa Alhaji Kamaludeen an taɓa jansa har komisariya, wato ofishin 'yan sanda, a kan agogon wani Bazabarme da ya mutu a gidansa, agogon da daga baya aka gano mamacin ya sayar tun yana raye. Tun daga ranar ya zama wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Na same shi a zaure yana jan carbi, idonsa ja, don shi ma yana son Muhuyi. Na yi masa ta'aziyya, ya yi mini. Na ce, "Alhaji, a ba ni makulli in ɗauko likkafaninsa. Ka san zancen."

"Na sani, Malam Yaƙubu. Wa bai sani ba?"

"To, bismilla."

Ya sunkuyar da kai. "Makullan sun tafi."

"Sun tafi ina?"

"Kamba. Akwai kamiyon, babbar motar shanun nan da ta sauke kaya jiya, yau da sassafe ta juya. Na haɗa nawa da wanda aka ciro a aljihun marigayi, na ɗaure a gaban shaidu, na ba direban ya kai wa yaron hannu da hannu. Don kada gobe a ce makulli ya kwana a wurina."

Na tsaya ina kallonsa. Mutum ya mutu da asuba, kafin hantsi makullin ɗakinsa ya kama hanyar Parakou ya yi arewa! Ko daktan da zai rubuta takardar mutuwa bai iso ba, amma makulli ya yi sammako. Na ce, "Alhaji, da ka tura makullin, da me ka ce za a naɗe shi? Da tabarma?"

"Wallahi ban tuna ba. Tsoron magana ne ya rufe mini ido."

"To a kira direban ya dawo."

Aka kira. Ya ce ya wuce Bohicon, kuma motar ba tasa ba ce, in ya juya mai motar zai kore shi. Ban ga laifinsa ba, shi aka ba saƙo ya ɗauka.

Na ce, "Shi ke nan, a kawo guduma. Kwaɗo ne, ba ƙofar Ka'aba ba. A kira shaidun nan naka su tsaya, in shiga in ɗauko yadi in fito, kowa na gani, a sa sabon kwaɗo."

Alhaji ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. "A gidana? A fasa ɗakin mamaci a gidana? Malam Yaƙubu, ka san abin da ake faɗa a Kamba, cewa Muhuyi yana ajiye kuɗin shanun mutane a ɗakin nan. In aka fasa, ko sefa ɗaya aka ce babu, wa za a kama? Kai za ka koma kan kekenka, ni za a kai komisariya. Sai dai in yaron ya yarda da bakinsa."

Na bar shi na koma masallaci wurin Liman, ina tafe ina magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ku kuka karantar da mu ba cewa likkafani shi ake fara cirewa kafin a yi zancen gado? Ba ku kuka ce wasiyyar mamaci abin cikawa ba ce?"

"Haka ne," in ji Liman.

"To?"

"To, amma fitina ta fi wannan girma. A nemi izinin ɗansa. In ya bayar, ni da kaina zan riƙe gudumar. In bai bayar ba, duk farin yadi mai tsarki ya wadatar. Ba za mu ajiye bawan Allah a zafin nan ba."

Kowa yana da gaskiya ran nan, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da akwai mugu ɗaya a cikinsu da na san wanda zan zaga.

Muka yi ta kiran Sharhabilu, waya ba ta shiga. In ta shiga sai ta yanke. Kafin a same shi na zagaya bayan ɗakin, inda taga take. Tagar gilashi ce mai hawa-hawa, da sandunan ƙarfe a bayanta, ɗaya daga cikin gilasan ya daɗe da fashewa. Na kanga hannu na leƙa. Ga akwatin can a gindin gado, kore, da buta a kansa. Tsakanina da shi bai fi tsawon mutum kwance ba. Na samo wata gora da ake shanya a kanta na zura, ban ma san me nake nufin yi ba, akwatin ƙarfe ba ya fita ta taga. Na dai ture butar ta faɗi. Ƙarar ta jawo Alhaji da gudu, ya riƙe gorar ya ce don girman Allah in bari, hannu ta taga da hannu ta ƙofa duk ɗaya ne wurin masu magana.

Can wajen hantsi ya yi sosai aka samu yaron. Na karɓi wayar. Yana kuka. Na ce, "Sharhabilu, ni ne Yaƙubu tela, abokin babanka. Allah ya ji ƙansa, ya ba mu haƙuri."

"Amin, Baba. Na gode."

Na yi masa bayani a hankali. Na gaya masa zancen bandir ɗin, da rabin da aka rufe mahaifiyarsa da shi, da rabin da ke cikin akwati. Na ce abu ɗaya muke nema, ya ce "na yarda" a gaban Liman, a fasa kwaɗo a ɗauko yadi.

Ya ce, "Bai taɓa gaya mini ba."

Haka Muhuyi yake. Ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa mahauta, ya gaya wa duk Zongo, amma ɗansa ɗaya tilo bai gaya masa ba, wai kada ya tayar wa yaro hankali.

Na ji yaron ya fara cewa, "To Baba, in haka ne..." sai na ji wata murya ta babban mutum a gefensa tana magana ƙasa-ƙasa. Ban ji duka ba, amma na ji "mutanen Kotonu", na ji "dabara ce". Wayar ta yi kamar an rufe ta da hannu. Da ya dawo muryarsa ta sauya.

"Baba, ku yi haƙuri. Kawuna ya ce kada a buɗe ɗakin sai na zo. Ku sayi yadi mafi kyau a kasuwa, ko nawa ne zan biya."

"Ɗana, ba zancen kyau ake yi ba. Wannan yadin ya ma fara ja saboda daɗewa. Nasa ne, shi ya zaɓa."

"Ku yi haƙuri, Baba."

"Ba ni kawun naka."

Kawun ya ƙi karɓa. Na ji shi yana cewa shi ba ya magana da tela a kan dukiyar ɗan'uwansa. A nan ne na yi abin da Dijatu ta daɗe tana ce mini zai kashe ni, na buɗe baki. Na ce a gaya wa kawun, lokacin da Muhuyi ya kwanta ciwon ƙafa wata da watanni, ban ga ƙeyarsa a Kotonu ba, mu mutanen Kotonu mu muka yi ta ɗaukar fo. Na ce dukiyar da yake wa gadi Allah ya sa ta ishe shi. Kafin in gama aka kashe wayar, kuma ba a sake ɗauka ba.

Na shiga shagon wani makanike da ke gefen gidan na ɗauko guduma. Na rantse da na kai ƙofar nan da na fasa, kome za a yi a yi. Mutum uku suka riƙe ni a tsakar gida, rigata ta yage a kafaɗa. Alhaji Kamaludeen ya tsaya a jikin ƙofar ya buɗe hannuwa, dattijo da furfurarsa, yana hawaye yana cewa sai dai in fara da kansa. Liman ya zo ya karɓe gudumar daga hannuna ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Malam Yaƙubu, an gama wanka. Kai ake jira."

Wani ya riga ya hau zem ya sayo yadi a kasuwar Saint-Michel. Fari tas, mai santsi, sai ƙamshin kanti yake, da shuɗin hatimin kamfani a gefe. Na yanke wurin hatimin na yar. Na zauna na auna, na yanka, na ɗinka, har allura ta soke ni. Na ɗinka likkafani ba adadi a garin nan, na yara da na manya, na waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba, ban taɓa jin kunyar gawa ba sai ran nan. Da muka zo naɗe shi ban iya kallon fuskarsa ba. Na ce a zuciyata, Muhuyi, ka ga dai yadda aka yi.

Aka yi masa salla bayan azahar, mutane har bakin titi. Aka sa shi a mota muka tafi maƙabarta can bayan gari, muka rufe shi. A hanyar dawowa ana ta cewa jana'iza ta yi kyau, an yi komai a kan lokaci. Na toshe kunnena.

Kwanakin da suka biyo baya ban gaisa da Alhaji ba. In ya shigo sahu ta dama sai in koma hagu. Dijatu ta ce in ji tsoron Allah, mutumin nan bai ci komai ba. Na ce na sani, ai da ya ci wani abu da na fi samun sauƙi.

Sharhabilu ya iso bayan an yi sadakar bakwai, shi kaɗai, kawun bai zo ba. Dogon saurayi ne siriri, da tafiyar babansa sak, har na kau da kai da na hango shi. Alhaji ya aiko a kira ni in zama shaida. Na ce ba ni zuwa. Dijatu ta ajiye mini takalmi a gabana ta tsaya a kaina, na tashi.

Sharhabilu ya ciro makullan daga aljihu, suna nan a ɗaure yadda aka tura su. Ya buɗe kwaɗo na farko, ya buɗe na biyu. Ɗakin ya yi warin rufi. Liman da shaidu suka tsaya a bakin ƙofa, aka fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya ana ajiyewa a tsakar gida. Katifa da ta lotsa a tsakiya. Riguna 'yan kaɗan, biyu daga ciki ni na ɗinka. Rediyo, sandar kiwo, igiyoyin shanu, buhun gero da ya kusa ƙarewa, kwalaben maganin ciwon ƙafa. Aka ɗaga katifa, aka duba bayan ƙofa, aka girgiza buhu. Dukiyar da aka yi wa kwaɗo biyu ke nan.

Sai akwatin. Sharhabilu ya jawo shi waje ya durƙusa ya buɗe. Ƙamshin kafur ya bugi kowa. Yadin yana nan a naɗe cikin leda, ya cika akwatin, gefensa ya ɗan yi ja. A kansa akwai zare fari da allura a soke, da ƙaramar kwalbar turare. Mutumin nan har allura ya tanadar mini.

Na zo da maganganu a bakina, na kwana ina shirya su, har da wadda zan ba shi ya kai wa kawunsa. Yaron ya warware bakin yadin, ya bi gefen da aka yanka da yatsa.

"Baba, nan ne aka raba?"

"Nan ne."

"Ɗaya rabin yana jikin Inna?"

"Yana jikinta."

Ya kifa fuskarsa a kan yadin. Bai yi ƙara ba, kafaɗunsa kawai ke motsi. Alhaji Kamaludeen ya juya ya shige zaure. Maganganun da na shirya duk suka bi ruwa, kuma wannan ma ya ba ni haushi, don na so in yi faɗa.

Da yaron ya ɗago ya kalli Liman ya ce, "Allah gafarta Malam, ba yadda za a yi a sauya masa?"

"Babu, ɗana. Wanda aka rufe an rufe. Ka yi masa addu'a."

Kafin la'asar an gama da kayan. Riguna yaron ya bayar sadaka, rediyo ya ba mai shayin da babansa ke zama wurinsa, igiyoyi da sanda dillalan kara, wato kasuwar shanu, suka karɓa. Alhaji ya sa aka share ɗakin, don akwai fataken da za su sauka jibi. Yadin kaɗai ya rage. Wani ya ce a ba masallaci, in wani baƙo ya mutu a yi amfani da shi, lada ne. Sharhabilu ya ƙanƙame shi.

Ya ce in raka shi maƙabarta. Muka tsayar da zem biyu, ya hau da yadin a hammata. Na ce masa ya bar shi a shagona mana, ya ce a'a. Ban san me yake tunanin zai yi da shi a can ba, ina jin shi ma bai sani ba.

An yi ruwa a kwanakin, kaburburan sababbi duk sun yi kama da juna, sai da na yi ta dubawa kafin in gane na Muhuyi. Na nuna masa. Ya durƙusa ya yi addu'a mai tsawo, ni ma na yi. Da ya shafa, ya ɗauki yadin da hannu biyu ya miƙa gaba kaɗan, kamar mai ba da saƙo. Ya kalli ƙasar, ya kalle ni.

"Baba, ina zan sa?"

Muka tsaya a wurin har masu zem suka fara danna mana oda daga bakin ƙofa. Ya mayar da shi hammata, muka juyo.